Damina Uku Babu Yaɓe

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da iyalan gidansa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan zama, kuma shugaban Kwamitin Kula da Gidajen Layin Fatake, Alhaji Mukhtar. Mai girma wakilin su-firefe, jami'in mulkin gundumarmu. Mai girma wakilin magajin gari da abokan aikinsa na meri, wato ofishin mulkin gari. Wakilin mai martaba Lamiɗo, Allah ya ja zamaninsa. Limamanmu da malamanmu. 'Yan'uwanmu na coci da suka taso tun daga Jambutu cikin wannan rana. Iyayenmu mata da ke zaune a gindin bango. 'Yan kasuwa da suka ja ƙofofin shagunansu suka zo. Masu babura da suka jingine abin sana'arsu suka tsaya. Jama'ar Garwa manya da ƙanana, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Wanda kunnensa ya fi sabawa da Fillanci ina ce masa jaɓɓaama, wanda ya fi sabawa da Faransanci ina ce masa bienvenue. Sauran maganar kuwa da Hausa zan yi ta, domin da ita aka yi cinikin da ya tashi gidajen nan.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga hukuma da ta saurare mu shekara uku da suka wuce, ta amince a sa gidaje bakwai na wannan layi cikin abin da ba a rushewa. Ina godiya ga Madam Yvonne, mai zanen gine-gine, wadda ta yi wata huɗu tana hawa da sauka da igiyar awo a hannu, har ta san kowane lungu na gidajen nan fiye da wasu da aka haifa a cikinsu. Ina godiya ga masu gidajen, da suka buɗe mana ƙofa muka shiga har ɗakunan kwanansu da na'urar ɗaukar hoto, ba su kore mu ba, ko da yake mun cancanci kora.

Wanda bai san ni ba, ni ne Shu'aibu, sakataren wannan kwamiti. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da tarihi a lise, wato babbar sakandare, kuma rabin waɗanda ke zaune a kujerun gaba sun taɓa yin gyangyaɗi a ajina, ina ganinsu, ba zan kira suna ba. An ce in fito yau in yabi aikinmu, tunda shekara uku ke nan cif da muka kafa allunan ƙarfen nan a ƙofofin gidaje. Na rubuta jawabin yabo mai shafi shida, ga shi nan a aljihuna, kuma ba zan fito da shi ba. Dalili shi ne, jibi Litinin, mota za ta tsaya a ƙofar gidan da ke bayana, a kwashe kayan Goggo Sadiƙa, a kai ta unguwar Rumde Ajiya gidan ɗanta Nasrullahi, saboda bangon ɗakinta ya tsage kuma damina ta ƙarato. Tsohuwa mai shekara tamanin da biyu za ta bar gidan da aka yanke mata cibiya a cikinsa. Ba zan iya tsayawa a inuwar bangonta ina yabon kaina ba. Saboda haka abu huɗu zan faɗa, kuma ina roƙon shugaba ya yi haƙuri da ni idan na wuce lokacin da ya yanka mini.

Na farko, su wa suka gina gidajen nan.

Kakanninmu baƙi ne a wannan gari, kuma ba abin kunya ba ne a faɗa. Wasu daga Kano suka taso, wasu daga Katsina, wasu daga ƙasar Nufe, suka bi ta Yola da jakuna da takarkarai, ɗauke da kanwa da tufafin rini da fatu da goro. Suka iso bakin Binuwai, suka tarar da Fulani masu gari, aka ba su masauki, aka ba su fili, aka ba su aure. Da jiragen ruwa suka fara hawowa a lokacin cikar kogi, suna sauke gishiri da yadi suna ɗaukar gyaɗa da auduga, sai fataken da dā ke zuwa su koma suka ga babu dalilin komawa. Bukkar ciyawa ba ta tsare haja daga gobara, saboda haka suka aika gida a turo musu magina.

Gidan da ke bayana, Madugu Ɗan Fanta ne ya gina shi, kakan Goggo Sadiƙa ta wajen uba. Ita ta ba ni labari, kamar yadda kakarta ta ba ta, cewa rani biyu aka yi ana aikinsa, kuma maginin bai yarda ya ɗora azara ba sai da ya sa aka bar bango ya sha rana wata uku. Madugu ya ƙosa, ya ce masa, "Malam, ni fa ɗan kasuwa ne, kayana na waje." Maginin ya ce, "Ni kuma magini ne, sunana na jikin bango." Madugu ya koma ya zauna, ya jira. A zauren gidan nan aka sauki baƙi daga Banyo, daga Kuseri, daga Marwa, mutum ya kwana wata guda ba a tambaye shi ranar tafiya ba. A nan aka sasanta rigingimun kasuwa, a nan aka ɗaura auren mahaifiyata Aisatu, Allah ya jiƙanta, domin gidanmu ba shi da zauren da zai ɗauki jama'a. Ni kaina na sha kunun gidan nan fiye da yadda zan iya tunawa, kuma har gobe Goggo ba ta kirana Malam, sai dai ɗan Aisatu.

Na biyu, yadda aka gina su.

Ina so ku ɗaga kai ku duba, ku da kuke wucewa ta nan kullum a kan babur ba ku waiwaya. Bangon nan ba bulo ba ne. Tubali ne na jar ƙasa, wanda aka mulmula da hannu ɗaya bayan ɗaya, aka jera shi, kaurinsa a ƙasa ya fi kamu biyu, yana sirancewa yayin da yake hawa. Shi ya sa iyayenmu mata da ke jingine da shi yanzu suke cikin sanyi, manyan baƙinmu kuwa da muka karrama da rumfar tamfol suke fifita da takardar shirin taro. Ku gafarce mu, ranku ya daɗe, laifin kwamiti ne.

Ku shiga zauren ku dubi sama. Babu ƙarfe, babu ƙusa, babu ginshiƙi a tsakiya. Azara ce ta giginya, wadda gara ba ta ci, aka ɗaure ta gaɓa-gaɓa aka lanƙwasa ta kamar baka daga kusurwa huɗu, ta haɗu a tsakiya, aka lulluɓe da ƙasa. Shekara ɗari da 'yan kai tana ɗauke da rufin nan. Ku dubi shagon da ke gefen zaure, da ƙofarsa mai ganye biyu da sakatar ƙarfe da ta zo a jirgin ruwa. Wannan shi ne abin da ya bambanta gidajenmu da na wasu garuruwa: fuskar gida kasuwa ce, bayansa iyali, samansa kuma bene mai 'yar taga guda da ke kallon kogi, inda ake leƙawa a ga hayaƙin jirgi tun bai iso gaɓa ba. Ku dubi indararo, waɗannan bututun da suka zuro kai daga rufi, da ke jefa ruwan sama nesa da gindin bango. Ku dubi zanen da ke kewaye da ƙofa, mai kama da igiyar da aka saƙa. Ku riƙe zanen nan a zuciya, domin shi ne ya ruɗe ni.

Amma akwai abin da ido ba ya gani, kuma shi ne ginshiƙin gaskiya na gidan ƙasa. Gidan ƙasa ba a gama gina shi. Kowace shekara, idan zafi ya yi tsanani kafin ruwa ya sauka, ana tara ƙasa a ƙofar gida, a zuba mata ruwa da yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, a tattake ta da ƙafa, a rufe ta ta yi mako biyu tana ruɓa. Mata su jiƙa ɓawon ɗorawa su tace makuba, wannan jan ruwan da ke hana bango shan ruwa. Sannan a kira gayya. Maza su hau tsani su yaɓe bango da rufi da tafin hannu, a toshe kowace tsaga, a gyara bakin indararo, mata na miƙa ƙasa suna dafa abinci. Yau gidan wannan, gobe na wancan, har a gama layi. Ruwan damina ya zo ya cinye fatar da aka sa, ya bar naman bango lafiya, baɗi a sake. Abin da aka yi ke nan a gidan Madugu kowace shekara tun daga ranar da aka rufe shi. Tun rasuwar mahaifinta, Goggo Sadiƙa ce ke kiran gayyar, shekara arba'in da ɗoriya, ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba.

Na uku, abin da na yi. A nan ne nake roƙon ku ba ni kunnuwanku sosai.

Da aka amince da roƙonmu, murna ta cika mu, muka zauna rubuta ƙa'idojin kwamiti. Ni na rubuta su. Na ɗauko littattafan da na karanta a kan gine-ginen dutse na ƙasashen sanyi, inda dutse ke zama shekara dubu idan aka ƙyale shi, na kwafo hikimarsu na ɗora wa jar ƙasar Garwa. Ƙa'ida ta huɗu ta ce ba a ƙara komai, ba a rage komai, ba a shafa komai a jikin gidajen nan sai da rubutaccen izinin kwamiti. Hukuma ba ta ce mu rubuta haka ba. Abin da hukuma ta hana shi ne rushewa da sayar wa mai rushewa. Ƙarin gishirin namu ne. Madam Yvonne ta ce mini a wannan zama, "Monsieur Shu'aibu, wannan ba ta dace da ginin ƙasa ba, a ware yaɓen shekara." Na ce mata za a duba. Kun san abin da "za a duba" ke nufi a bakin sakatare.

Wata biyu bayan haka, ranar wata Laraba da hantsi, na biyo ta layin nan sai na ga tarin ƙasa a ƙofar gidan Goggo, mata na jido ruwa, Baba Malum magini, wanda ya gaji aikin gidajen nan daga mahaifinsa, ya naɗe wando yana cikin kwaɓi har gwiwa. Raina ya ɓaci. Abin da ya faɗo mini shi ne zanen ƙofar nan, wanda na ɗauki hotonsa ta kowace fuska, na sa shi a bangon dosiye, wato kundin takardun da muka kai wa hukuma, na rubuta a ƙarƙashinsa cewa aikin hannun magabata ne na farkon ƙarnin da ya wuce. Na ce yanzu za su laɓta masa ƙasa su binne tarihi. Na sauka daga babur da babbar rigata, na zaro takarda mai hatimi, na karanta musu ƙa'ida ta huɗu da Faransanci, sannan na fassara, da murya irin wadda nake yi wa 'yan aji.

Baba Malum ya dube ni, ya fito daga cikin ƙasa ya wanke ƙafa. Goggo ta fito zaure ta ce, "Ɗan Aisatu, ruwa fa ya kusa." Na ce, "Goggo, gidan nan yanzu ba naki ke kaɗai ba ne, na tarihi ne. A rubuto takarda, kwamiti zai duba." Wallahi haka na ce mata, a gaban matan unguwa. Ta dubi hatimin, ta dube ni, ta ce, "To, kai ka yi karatu." Ta juya ta shiga gida. Ƙasar nan ta bushe a inda take, daga baya masu gyaran hanya suka kwashe ta suka cike rami.

Kada wani ya ce me ya sa ba ta yi gardama ba. Goggo ta tashi a zamanin da takarda mai hatimi ba abin wasa ba ce, kuma wanda ya kawo takardar ɗan ƙawarta ne, malamin da ya koyar da ɗanta. Ta yarda da ni, shi ke nan laifinta. Sauran gidaje shida kuwa, da suka ga an tsayar da Goggo, wadda ita ce ke fara kiran gayya, kowa ya noƙe. Wasu sun riƙa toshe tsaga a ɓoye ta cikin gida, kamar masu aikata abin kunya. Goggo ko wannan ba ta yi ba, tunda an ce kada a taɓa.

Nasrullahi ya rubuto takardar, ba sau ɗaya ba, sau biyu. Shekarar farko na ce a jira masanin da zai zo ya duba irin ƙasar da ta dace, masanin bai zo ba. Shekara ta biyu muka kira zama sau uku, mutane ba su cika ba, na ɗage. Shekara ta uku, ina jin nauyin faɗa amma zan faɗa, mantawa na yi. Takardun biyu suna cikin durowar teburina, a ƙarƙashin hotunan bikin kafa allo. A cikin wannan lokaci na kawo ɗalibai nan sau da dama, na tsaya a inda nake tsaye yanzu ina nuna musu fuskar gida da sanda, ban taɓa zagayawa baya na ga abin da ruwa ke yi ba.

Damina ta farko ta cinye fatar bango. Ta biyu ta shiga nama, bakin indararon baya ya zube, ruwa ya riƙa bin jikin bango maimakon ya faɗa nesa. Ta uku, a watan Satumba, ranar wata Juma'a bayan la'asar, aka yi ruwan nan mai iska da kuka sani, Goggo na zaune a kan sallaya ta ji ƙara kamar an karya itace. Bangon ɗakinta ya buɗe daga rufi har kusa da ƙasa, tsagar da hannun babban mutum ke shiga. Tun daga ranar take kwana a rumfar tsakar gida. Wata bakwai ke nan, da sanyin da aka yi da zafin da ake yi, kuma ban sani ba, domin ban tambaya ba.

Makon jiya Nasrullahi ya same ni a gida. Mutum ne mai ladabi, tun yana ɗalibina bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Malam, na zo in sanar da kwamiti, tunda an ce komai sai da izini. Zan ɗauke mahaifiyata ranar Litinin. Ita ba ta cikin abin da aka hana taɓawa, ko?" Jama'a, na rasa inda zan sa fuskata.

Na tafi wurin Baba Malum, na same shi a ƙofar gidansa yana gyaran ƙotar fartanya. Na ce ya zo ya duba bangon, ya faɗa mini gaskiya. Ya ce ya riga ya duba, tun watan Satumba yake zuwa yana dubawa. Ya ce azara ba ta motsa ba, gindi bai jiƙe ba, idan aka buɗe tsagar aka ɗinke ta da sabon tubali aka yi yaɓe biyu, gidan zai riƙe. Amma idan ruwan bana ya same shi haka, ɗakin zai zauna, kuma idan ya zauna zai ja benen. Na ce to zanen ƙofa fa, yaya za a yi kada a ɓata aikin magabata? Sai ya ajiye fartanyar, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Malam, wane magabata? Ni na yi shi, shekara uku kafin ku zo da allonku. Wanda ke wurin kafin shi ma ni na yi. Na gabansa babana ne. Duk bayan 'yan shekaru ruwa ke cinye shi, mu mayar. Ga hannun magabatan nan, duba, har da ƙaiƙayi a farce." Na ce don me bai faɗa mini ba ranar da na tsayar da su? Ya ce, "Ka tambaye ni?"

Shekara talatin da ɗaya ina koyar da tarihi, ga tarihi tsaye a gabana da ƙasa har gwiwa, na karanta masa ƙa'ida ta huɗu na sallame shi. Ku yi dariyar, na ji wasu na danne ta, ni ma da a kan wani ne da na yi. Abin da nake zaton ina karewa bai kai shekarun jikata ba. Abin da ya kai shekara ɗari shi ne gayyar, shi ne hannun da ke komawa jikin bango duk shekara, kuma shi ne na hana.

Na huɗu, abin da nake roƙo.

Baba Malum ya ce ƙasa na bukatar mako biyu ta ruɓa, ɗinki da yaɓe kuma mako guda. Masu duban sama sun ce ruwan farko ba zai wuce mako huɗu ba, kuma jiya duk mun ga yadda gabas ta haɗe. Saboda haka ba maganar zama mai zuwa ba ce, ba maganar za a duba ba ce. Ranka ya daɗe shugaba, 'yan kwamiti tara ne, kuma yau, albarkacin shinkafar biki, duk taran suna nan. Ina roƙon kafin a yi addu'ar tashi a soke ƙa'ida ta huɗu a gaban jama'a, a rubuta a madadinta cewa yaɓen shekara wajibi ne a kan gidajen nan bakwai, kuma ba ya bukatar izinin kowa. Ina roƙon a ba Baba Malum kujera a kwamiti, kuma duk abin da ya shafi bango a fara jin bakinsa kafin nawa. Ina roƙon jama'ar wannan layi, da na Jambutu, da na Rumde Ajiya, da duk wanda kakansa ya taɓa kwana a zauren nan, ku fito gayya. Mai ƙarfi ya zo da ƙafarsa, mai amalanke ya jido ruwa, iyayenmu mata su nemo ɓawon ɗorawa, matasa ku zo ku tsaya kusa da Baba Malum ku ga yadda yake juya tafin hannu, domin ba a littafi yake ba, na duba.

Akwai sauran abu guda, kuma shi ne ainihin abin da ya tsayar da ni a nan. Jiya da yamma na je wurin Goggo. Na tarar an ɗaure kwanuka a cikin zannuwa, an jera akwatuna a rumfa. Na durƙusa na ce ta yafe mini, ta fasa tafiya, za a gyara bangon. Ta ƙarasa ɗaure ƙullin da ke gabanta. Sannan ta ce, "Ɗan Aisatu, bango ƙasa ce, ana mayarwa. Kwanan rumfa ma bai dame ni ba. Abin da ya kore ni shi ne maganar mutane. Ina zaune a zaure nake jin masu wucewa suna cewa, dubi gidan Madugu, ya faɗa hannun mace ta bar shi ya lalace. A gidan suna an faɗa, a gidan makoki an faɗa. Shekara arba'in ina riƙe da gidan ubana, yau ni ce malalaciya. Ban taɓa buɗe baki na ce kai ka hana ni ba, saboda uwarka. Amma ba zan iya ci gaba da zama ina ji ba." Na ce, "Goggo, me zan yi?" Ta ce, "A gaban mutane ka hana ni." Ba ta yi mini alkawarin komai ba.

To, ga mutane. Wakilin su-firefe yana ji, wakilin Lamiɗo yana ji, limamai suna ji, matan unguwa da suka ga ranar da na zaro takarda suna ji. Ku saurara, kuma wanda ya ji ya kai wa wanda bai zo ba, ya kai gidan suna, ya kai gidan makoki, ya kai kasuwa. Sadiƙa jikar Madugu Ɗan Fanta ba ta yi sakaci da gidan ubanta ba. Ta tara ƙasa, ta jido ruwa, ta kira magini, ni Shu'aibu ɗan Aisatu na zo na hana ta. Ta aiko sau biyu tana neman izini, ni na danne takardar. Tsagar da ke bangon nan tawa ce. Duk wanda ya taɓa buɗe baki ya zarge ta, ya juyo da maganarsa kaina, ya kuma je ya nemi gafararta kamar yadda nake nema yanzu.

Goggo, na faɗa. Zama ko tafiya, wannan naki ne, kuma ko kin tafi ba wanda zai ga laifinki. Ni dai na riga na yi magana da mai tifa, gobe da sassafe zai sauke ƙasa a ƙofar gidan nan, daga bakin kogi, kuma ni zan fara shiga cikinta da ƙafata.

Na'am? Ku ɗan yi shiru, jama'a, Goggo na magana. Madam Yvonne, ke ce kusa da ita, me ta ce?

Ta ce ƙasar bakin kogi yashi ce, ba ta kama bango, wa ya aike ni. Ta ce a ɗebo ta tsohon kududdufin bayan makabarta, kuma kada a zuba mata ruwa sai ta fito ta taɓa ta da hannunta.

To, Nasrullahi, ka ji. Ina ganin sai ka sallami mai motar Litinin.

Allah ya ƙara wa Goggo lafiya da nisan kwana, ya sanyaya zuciyarta kamar yadda ta rufa mini asiri shekara uku. Allah ya jiƙan Madugu da maginansa da duk waɗanda suka kwana a zaurukan nan suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya ƙarfafa hannun Baba Malum, ya ba shi magada. Allah ya saka wa shugabanninmu da alheri, ya ba su ikon yin adalci. Allah ya jinkirta mana ruwa har bangon nan ya bushe, sannan ya saukar da shi mai albarka a gonakinmu. Allah ya zaunar da Garwa lafiya, ya zaunar da Kamaru lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.